Babi na Bakwai: Zaman da Babu Teburin Manya

Kawuna ya yi wa gwamnatin tarayya aiki shekara 35. Da ya ajiye aiki, sai haƙƙinsa ya maƙale a kan abin da bai taɓa zaton zai zama magana ba, wato sunansa. A fayil ɗinsa na ɗaukar aiki, wanda wani akawu ya cike da hannu tun ina cikin zanin goyo, an rubuta Muhammadu. A banki Mohammed ne. A wata takardar kuma Muhammad, ga sunan garinmu an liƙa masa a ƙarshe. Mutum ɗaya ne, kowa a unguwa ya san shi, amma a wurin kwamfuta mutum uku ne, kuma ba ta biyan ko ɗaya daga cikinsu.

Ya taso ya zo Abuja ya sauka a wurina. Kwana uku muna kai-komo tsakanin ofisoshi biyu da in ka tsaya a ƙofar ɗaya kana hango ginin ɗayan. Ba wanda ya wulaƙanta mu. Duk wanda muka tarar sai ya miƙe ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wallahi daga nan ba abin da za mu iya, sai can sun gyara." Can ɗin kuma su ce sai nan sun rubuto. A rana ta uku wata matashiyar ma'aikaciya ta dubi takardun, ta dubi tsohon, ta ɗauki wayarta ta kira wata da suka yi bautar ƙasa tare, wadda Allah ya sa take aiki a ɗaya ofishin. Suka yi magana, wannan ta karanta lambobi, waccan ta duba a nata ɓangaren. Kafin a kira sallar azahar an gama. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata, ya ba ki masu yi miki."

Na yi murna, amma na fito da nauyi a zuciya. Abin da ya warware mana matsala zumunci ne tsakanin mata biyu da suka taɓa zama ɗaki ɗaya a sansanin horo. A bencin da muka taso akwai wasu tsofaffin, kuma ba kowa ne zai dace da mai irin wannan ƙawa ba. Tun ranar nake tunanin yadda za a yi wannan kiran waya ya tashi daga alfarma ya koma hanyar aiki ta yau da kullum.

Kafin a kai can, ya kamata a ga yadda muka zo nan. Ɗan Najeriya mai matsakaicin shekaru ya dangwala yatsunsa wa gwamnati sau da dama. Ya dangwala wa hukumar zaɓe, ya dangwala wa hukumar kiyaye haɗurra don lasisin tuƙi, ya dangwala wa hukumar shige da fice tun da aka shigo da fasfo mai ƙwaƙwalwa a 2007. A 2011 aka ce kowa ya yi rajistar layin wayarsa, ya sake dangwalawa. A watan Fabrairun 2014 Babban Banki ya ƙaddamar da lambar tantance masu asusun banki ta BVN, ya koma layi. Ga kuma hukumar NIMC, wadda dokar 2007 ta kafa musamman don ta riƙe rumbun bayanan 'yan ƙasa guda ɗaya tilo. Kowace hukuma da nata kasafin, da nata ɗan kwangilar, da nata fom ɗin. Wani fom ɗin gurbin suna uku gare shi, wani biyu. Wani yana fara rubuta rana kafin wata, wani yana juyawa. Babu wanda ya yi niyyar cutar da kowa. Kowa dai ya gina ɗakinsa ne bai leƙa na maƙwabci ba, ranar da aka zo haɗa katanga sai aka ga ba ta haɗuwa.

Dokoki da takardun umarni kuwa ba su yi ƙaranci ba. An kafa NITDA a 2001 don ta tsara harkar fasahar sadarwa a gwamnati, ta sami dokarta a 2007. An kafa kamfanin Galaxy Backbone a 2006 don ma'aikatu su daina sayen layin intanet da rumbun ajiya kowacce ita kaɗai. A watan Mayun 2017 muƙaddashin shugaban ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sa hannu kan umarnin zartarwa na farko na waccan gwamnati, kuma a cikinsa akwai wani sashe da ya dace da matsalar kawuna kamar don shi aka rubuta: idan wata hukuma tana bukatar takardar da wata hukumar gwamnati ce ta bayar, to ita za ta nemi tabbaci daga 'yar'uwarta, ba ta tura mai nema ya je ya kawo ba. Gwamnati ɗaya ce. A 2019 NITDA ta fitar da kundin ƙa'idojin yadda kwamfutocin hukumomi za su riƙa musayar bayanai. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau, kuma wasu sun haifar da ɗa mai ido. Asusun bai-ɗaya da aka tilasta a 2015 ya tattaro kuɗin gwamnati daga dubban asusu a bankuna, tsarin biyan albashi na IPPIS da aka soma a 2007 ya tona asirin ma'aikatan bogi masu yawa. Sai dai ka lura, inda aka fi cin nasara shi ne inda kuɗin gwamnati ne ke zurarewa. Inda lokacin talaka da kuɗin motarsa ne ke zurarewa, tafiyar hawainiya ake yi.

Dalilin yana cikin yadda magana ke tafiya a ma'aikata. A ce wani matashi mai mataki na takwas ko na tara, wanda shi ne ke zaune gaban rumbun bayanai a sakateriyar tarayya, ya gano cewa gyara ƙarami a fom ɗin wata hukuma zai kawar da rabin ƙorafin da ke zuwa teburinsa. Ba shi da ikon rubuta wa takwaransa na can. Zai rubuta wa shugaban sashensa, shi kuma ya ɗora wa mataimakin darakta, daga nan zuwa darakta, daga nan zuwa babban sakatare. In an amince, a buga wasiƙa, masinja ya ɗauka ya kai, a buga mata hatimin karɓa, sannan ta fara gangarowa a can ɗin mataki bayan mataki har ta iso ga wanda zai gane abin da ake nufi, in ma ta iso. A kowane mataki tana iya kwana a ƙarƙashin wasu fayil-fayil. Ga kuma rantsuwar riƙe sirri da kowane ma'aikaci ya yi, mai tushe a dokar sirrin gwamnati ta 1962. An yi dokar 'yancin samun bayanai a 2011, amma tsoron da aka shekara hamsin ana shukawa ba ya fita a rana ɗaya. Ma'aikaci ya koyi cewa ba a taɓa tuhumar wanda ya yi shiru ba. Wannan tsari yana da hikimarsa, don yana hana kowa ya tashi ya yi gaban kansa da sunan gwamnati. An gina shi ne a zamanin takarda da tawada, lokacin da wata guda ba wani dogon lokaci ba ne. Manhaja kuwa kullum tana bukatar ƙananan gyare-gyare, kuma masu gyaran dole su riƙa jin juna.

Mun ga abin da rashin wannan ke jawowa a watan Disambar 2020, lokacin da aka ba da umarnin kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da hukumar NIMC ke bayarwa cikin mako biyu, alhali waɗanda ke da lambar a lokacin ba su wuce miliyan arba'in da 'yan kai ba. Manufar tana da kyau, kuma a ƙarshe ta tura adadin masu rajista ya haura miliyan 100 a 2023. Amma duk wanda ya wuce ta Wuse Zone 5 a waɗancan makonni ya ga dandazon mutane a ƙofar hedikwatar NIMC tun da asuba, a tsakiyar annobar korona, har ma'aikatan hukumar da kansu suka shiga yajin aiki a watan Janairun 2021. An yi ta ɗage wa'adin, sai a watan Afrilun 2022 aka fara toshe layuka. A ganina, da an tara masu ɗaukar rajista goma, da injiniyoyin kamfanonin waya goma, da masu kula da na'urorin ajiya, aka tambaye su mutum nawa za a iya yi wa rajista a yini, da lissafin mako biyu bai fito daga ɗakin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To ai ana taruka, wani zai ce. Ana yi kam. Abuja garin taro ce. NITDA ta yi shekaru tana shirya taron eNigeria duk shekara, daga baya ya koma Digital Nigeria, ga wasu barkatai a manyan otal-otal na Maitama da tsakiyar birni da babban zauren taro na ƙasa da ƙasa. Na halarci irinsu da dama, kuma ban raina su ba, don a nan ne gwamnati ke bayyana alƙiblarta, a nan ne 'yan jarida ke ji su kai wa jama'a. Amma duk wanda ya taɓa zama a ciki ya san tsarin. A jira babban baƙo, a yi taken ƙasa, a gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, a yi jawabin maraba, a yi saƙonnin fatan alheri, a ɗauki hoto. Babban baƙo ya tashi, rabin zauren ya bi shi. Lokacin tambayoyi shi ne na ƙarshe, kuma shi ake yankewa in lokaci ya ƙure. Matashin nan mai mataki na takwas, in har an turo shi, yana can kujerar baya, kuma ba zai miƙe a gaban daraktansa da kyamarori ya ce, "Ranka ya daɗe, tsarin da muka ƙaddamar bara ba ya aiki" ba. Tarbiyyarsa ba ta ba shi ba, dokar aiki ma ba ta ba shi ba.

Inda ake maganar gaskiya a irin waɗannan taruka shi ne wajen zauren, lokacin hutun shan shayi, ko a hanyar zuwa alwala. A nan ne za ka ji wani yana ce wa wani, "Ashe kai ne a wancan sashen? Wata uku ina neman wanda zan yi wa magana a wurinku." A yi musayar lamba a tsaitsaye, a koma ciki.

Wani Ba'amurke mai suna Harrison Owen ya lura da wannan tun a 1983. Ya kwashe kusan shekara guda yana shirya wani babban taro, da aka tashi sai mahalarta suka riƙa gaya masa cewa abin da suka fi ƙaruwa da shi hutun shan kofi ne, wato ɓangaren da bai shirya ba. Sai ya yi tunanin taron da zai zama duk hutun shan kofi ne daga farko har ƙarshe. Babu jadawali kafin a zo. Mutane su zauna a da'ira, duk mai abin da ke damunsa ya fito ya faɗa, ya rubuta a takarda ya liƙa a bango, a ba shi ɗaki da lokaci, mai sha'awa ya bi shi. Wanda ya ga ba ya ƙaruwa ba ya kuma ƙarar da kowa, ya tashi ya koma wani ɗakin, ba laifi ba ne. Masu rubuta manhaja a Kalifoniya suka ɗauki irin wannan salo a 2005 da sunan BarCamp, ya bazu a duniya.

Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne abin da ya faru a Ingila. A watan Janairun 2008 wani ma'aikacin gwamnati, Jeremy Gould, ya kira masu kula da shafukan intanet na ma'aikatu daban-daban su haɗu ranar Asabar a ofishin Google da ke Landan. Ba ma'aikatarsu ce ta turo su ba, ba kuma a biya su alawus ba. Taron da ake kira UKGovcamp ke nan, kuma ya zama na shekara-shekara. Da safe a yi layi, kowa a ba shi ɗan taƙaitaccen lokaci ya faɗi abin da yake so a tattauna, a cike allo, a watse ɗaki-ɗaki. Babban jami'i da ƙaramin ma'aikaci layi ɗaya suke bi. Da gwamnatin Birtaniya ta tashi kafa hukumar ayyukanta na intanet a 2011, ta kuma haɗe shafukanta a wuri ɗaya mai suna GOV.UK a watan Oktoban 2012, ta tarar da mutanen da suka riga suka san juna, suka san ciwon juna, suka daɗe suna gardama a kan magani. Ba zan ce taron Asabar ne ya gina GOV.UK ba, wannan aikin doka ne da kuɗi da goyon bayan minista. Abin da taron ya yi shi ne sharar gona kafin saukar damina.

Ba sai mun je Landan ba kafin mu yarda da wannan, don Abuja ta taɓa gwada wani abu mai kama da shi, kuma rayuka ne a kan layi. A 2012 yara 122 ne cutar shan inna ta kama a Najeriya, fiye da rabin na duniya gaba ɗaya, mafi yawansu a jihohinmu na Arewa. Hukumomin da ke yaƙi da cutar suna da yawa: hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF, Rotary, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, gidauniyar Gates. Kowacce da ofishinta, da alƙalumanta, da taswirarta. A ƙarshen wannan shekara aka buɗe cibiyar ɗaukin gaggawa a Abuja, aka zaunar da su duka a ɗaki ɗaya, suna kallon allo ɗaya, ƙarƙashin jagorancin jami'in gwamnati. Daga baya aka buɗe irinta a Kano da wasu jihohi. Aka zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka gano rugage da ƙauyukan da ba su cikin tsofaffin taswirori, aka ba masu allurar rigakafi wayoyin da ke nuna inda ƙafarsu ta taka. Fasahar ta taimaka ƙwarai, amma abin da ya ba ta amfani shi ne mai taswira da mai allura da mai kuɗi suna iya juyowa su kalli juna su ce, "Wannan ƙauyen fa ba a shiga ba jiya, me ya faru?" A 2014 yara 6 kacal aka samu. Da Ebola ta shigo Legas a watan Yulin wannan shekara, wannan salon aka ɗauka, Dakta Faisal Shuaib ya taso daga cibiyar shan inna ya jagoranci ta Legas, cutar ta tsaya a mutum 20, 8 suka rasu. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Cibiyar gaggawa ba taron sa-kai ba ce, tana da shugaba, tana da horo. Amma ta nuna cewa ma'aikacin Najeriya, in aka cire masa katangar wasiƙa aka ajiye shi kusa da takwaransa, yana aikin da duniya ke zuwa koyo. Abin tambaya shi ne me ya sa sai annoba ta taso muke tuna wannan.

Shi ya sa na sa ido a kan abin da ya fara a farkon 2024. Dakta Bosun Tijani, wanda ya zama ministan sadarwa a watan Agustan 2023, ba daga aikin gwamnati ya fito ba. Yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar CcHUB a Yaba ta Legas, inda matasa masu rubuta manhaja suka saba haɗuwa ba gayyata ba kati, kuma daga irin wannan haɗuwa ce ƙungiyar BudgIT mai fayyace wa jama'a kasafin kuɗi ta fito a 2011. Ya kawo wannan al'ada cikin gwamnati da wani dandali mai suna DevsInGovernment, wato zauren masu aikin fasaha da ke cikin ma'aikatu da hukumomi, su riƙa haɗuwa a Abuja a kai a kai tare da haɗin gwiwar Galaxy Backbone. Kafin wannan ma an ga alamar sauyi a yadda aka rubuta dokar sababbin kamfanonin fasaha, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Oktoban 2022, a zamanin ministan sadarwa Farfesa Isa Ali Pantami da shugaban NITDA Kashifu Inuwa Abdullahi. Matasan da dokar ta shafa da lauyoyinsu da jami'an gwamnati ne suka zauna suka tsara ta tare, aka kuma zaga shiyyoyin ƙasar ana jin ra'ayi. A ƙasar da aka saba doka ta faɗo wa mutane daga sama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ina fatan wannan zaure ya ɗore, kuma saboda ina fatan haka ne zan faɗi abin da nake tsoro. Na Ingila daga ƙasa ya tsiro, shi ya sa gwamnatoci suka zo suka wuce yana nan. Namu minista ne ya kira shi. A yanayinmu wannan yana da amfani, don ƙaramin ma'aikaci ba zai fita daga ofis ya je ya tattauna aikinsa da 'yan wata hukuma ba sai ya san akwai babba da ya tsaya masa. Amma abin da minista ya kira, minista na gaba yana iya mantawa da shi, kuma inda babba yake, nan da nan teburin manya ke dawowa. Alamar lafiyar irin wannan zama ita ce ranar da ministan bai zo ba, a cika ɗaki, a kuma fi sakin jiki.

Mu Hausawa muna da abin aunawa a gida. Kowace unguwa tana da majalisa, a gindin bishiya ko a ƙofar wani gida ko a teburin mai shayi. Ba ta da takardar gayyata, ba ta da jadawali, amma a nan ake jin wanda ba shi da lafiya, a nan ake haɗa kuɗin gyaran taransifoma, a nan malamin makaranta da direba da ɗan kasuwa ke zama tabarma ɗaya. Abin da ke riƙe ta shi ne dawwama: ka san in ka zo bayan la'asar za ka tarar da mutane. Amana ba ta ginuwa a zama ɗaya, kuma mutum ba ya faɗin kuskurensa sai a gaban waɗanda ya saba da su. Sai dai mun san aibin majalisa. Mata ba su zama a cikinta, alhali wadda ta ceci kawuna mace ce, wadda ta kira ma mace ce. Yaro ba ya ƙaryata babba ko da ya fi shi sanin maganar. Kuma sau da yawa a tashi ba a ɗaure komai ba, gobe a dawo a maimaita. Saboda haka majalisa kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa mata da halin gayya, inda ake taruwa don an san gonar da za a nome yau, kuma kafin rana ta faɗi kowa yana ganin kunyar da aka tayar. Zaman da za a tashi da sunan mutum biyu da suka ɗauki alkawarin gyara abu ɗaya kafin zama na gaba ya fi wanda za a tashi da takardar bayan taro mai shafi goma.

Akwai kuma abin da duk mai kwaikwayon Landan zai yi tuntuɓe da shi, wato ranar Asabar. Ƙananan ma'aikatan Abuja ba a Maitama ko Asokoro suke kwana ba. Suna Nyanya da Mararaba da Kubwa da Lugbe da Gwagwalada, wasu har Suleja. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, shigowa gari sau ɗaya lissafi ne a albashi. In aka ce a zo ranar hutu don kishin aiki, masu mota ne za su zo, matan aure da masu goyo su ne farkon waɗanda za a rasa. Dole zaman ya kasance cikin lokacin aiki, a ɗauke shi aiki, shugaban sashe ya san ba yawo yaronsa ya tafi ba. Dole kuma a yarda tun farko cewa abin da aka faɗa a ɗakin ana iya amfani da shi amma ba a jingina shi ga wanda ya faɗa, irin ƙa'idar da cibiyar Chatham House ta Landan ta shahara da ita tun 1927. Ranar da aka ba wani takardar tuhuma saboda abin da ya faɗa a zauren, daga ranar kowa zai koma gaisuwa da addu'a. 'Yan kwangila kuma, in an bar su, sai su mai da wurin kasuwa, don haka su shigo a matsayin masu amsa tambaya kawai. Sannan a tuna cewa yawancin hulɗar talaka da hukuma a jiha da ƙaramar hukuma take. Wanda ke zaune a ofishin rajista a Daura ko Gumel ko Argungu, inda netwok ke ɗaukewa wuni guda, ya san abin da mai zana manhaja a Garki bai taɓa gani ba. In ba a ba shi kujera ba, ko ta waya ce, za a ci gaba da ɗinka riga ba a gwada mai sawa ba.

Da za a ba ni rabin minti a gaban allo irin na taron Landan, na san takardar da zan liƙa. Zan rubuta: suna. Fom ɗin da muke cikewa an gaje shi ne daga mutanen da ke da sunan dangi guda da ke bin zuriya. Mu ba haka muke ba. Sunan mahaifi muke ɗorawa, wani lokaci na kaka, makarantun da kuma suka saba liƙa wa yaro sunan garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. 'Ya'yan mutum ɗaya sai ka ga kowa da nasa sunan ƙarshe. Mace tana da sunan yanka, tana da sunan da ake kiranta da shi saboda alkunya, wata takardar ta ɗauki wannan, wata ta ɗauki wancan, in ta yi aure wani akawun ya sa mata sunan miji ba tare da ya tambaye ta ba. Abubakar ɗaya ne da Habu da Garba da Buba, A'ishatu ita ce Indo. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, manhajoji da yawa ba su karɓarsu. Dubban tsofaffi kuma an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, don abin da suka sani shi ne an haife su shekarar fari ko shekarar da aka naɗa sarki kaza.

Kowane ma'aikacin da ke zaune a tagar karɓar jama'a a Arewa ya san wannan, ya kuma ƙirƙiro dabararsa ta warwarewa. Wanda ya tsara manhajar da ke cewa suna bai dace ba, wataƙila bai taɓa ji ba. Ina so in ga an zaunar da su ɗaki ɗaya: mai tagar banki, mai ɗaukar rajistar NIN, jami'ar fansho, ma'aikacin fasfo, malamin da ke yi wa ɗalibai rajistar JAMB tun da aka wajabta lambar NIN a 2021, da injiniyan da zai koma ya taɓa manhajar. A ajiye musu takardun mutum ɗaya mai suna uku a tsakiyar tebur, a tambaye su hujja nawa ta isa a yarda cewa Muhammadu da Mohammed da Muhammad tsoho ɗaya ne, wa kuma ke da ikon danna maɓallin amincewa ba tare da an turo shi Abuja ba.